Ranar da Muka Ɓoye Keken Nimra

Da wani ya gan mu da hantsin ranar nan, ni da matata Parwin muna nishi a matattakala da keken 'yarmu a tsakaninmu, da ya yi mana alheri ya ce mu mayar da shi inda muka ɗauko shi. Babu wanda ya gan mu sai tattabarun maƙwabci. Muka kai keken saman rufi, muka tura shi bayan tankin ruwa, Parwin ta lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Ina tsaye dafe da ƙugu na ji a jikina yinin nan ba zai ƙare lafiya ba. Na haɗiye maganar, domin baƙi za su iso bayan la'asar, ko samosa ba a fara soyawa ba.

Ni ne Liyakat mai madara da kindirmo a bakin layinmu na unguwar Baghbanpura. Karatuna bai yi nisa ba. Nimra ce kaɗai 'yar da Allah ya ba mu, shan inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana koyon gudu. In ta ɗaura ƙarafunan ƙafa ta riƙe sanduna takan iya 'yan taku, daga gado zuwa ƙofa. Abin da ya wuce haka sai keken guragu. A kansa ta yi firamare da sakandare, a kansa ta shiga jami'a, yanzu tana shekarar ƙarshe.

Shekarunta na farko a can, daga aji sai laburare sai gida. Akwai katafaren ginin wasanni, amma ɗakin 'yan mata yana sama, kuma babu abin da ke kai mutum can sai ƙafarsa. Takan ce mini tana jin ƙarar ƙwallo ta taga in ta wuce ta ƙasa.

Sai aka kawo wata sabuwar malamar wasanni, ta yi ta naci har aka yarda a buɗe zauren ƙasa kowace Laraba da yamma ga ɗalibai masu naƙasa, maza da mata. Ranar da na fara leƙawa na tarar da makafi suna buga wasan kurket da ƙwallo mai tsakuwa a ciki, suna bin ƙararta da kunne. A can gefe ga masu ƙwallon tebur, ga 'yata a cikinsu, mayafi ɗaure a ƙugu, tana irin dariyar da rabon in ji ta tun tana ƙarama.

A nan na fara ganin Zohaib. Ɗalibin injiniya ne, ƙafafunsa lafiya lau, yana zuwa taimako ne, ya tsinci ƙwallaye ya gyara raga. Nimra ta ba ni labari wai ranar farko da ya buga da ita a tsaye ya ci, ya fara washe baki, sai ta ce masa ko tsohuwa aka tsayar a wurin za ta ci, in ya isa ya zauna. Ya ari keke ya zauna. Tun daga ranar bai ƙara cin ta ba.

"Abbu, ga ɗalibina," ta ce da na zo ɗaukarta. "Kansa da tauri, amma yana da ladabi."

Yaron ya gaishe ni da hannu a ƙirji. Na lura da yadda yake kallonta in ta juya baya, na lura da yadda ita kuma ba ta kallonsa sam in ina wurin. Na gane. Ban faɗa wa Parwin ba, na yi ta juya abin a raina ina auna wa mutane madara.

Ranar bikin wasanni na shekara abin ya ɓaci. Nimra ce ta zo ta ɗaya a ƙwallon tebur na masu keke. An kafa dogon dandamalin katako a fili, da matattakala a gefe guda. Aka kira sunanta a lasifika, ta turo kekenta har gindin matattakalar ta tsaya. Aka sake kira. Babban baƙo yana sama riƙe da kofi yana yi wa masu hoto murmushi, jami'ai suna kallon juna. Wani ya ce a ba masinja ya miƙa mata a ƙasa. Ni kuwa ina can baya cikin iyaye, ina kutsawa, an ƙi ba ni hanya.

Zohaib ya durƙusa ya tambaye ta, ta gyaɗa kai. Shi da wani abokinsa suka ɗaga keken da ita a ciki. Sun kusa kaiwa sama hannun abokin ya zame, keken ya karkace, Zohaib ya saki ƙarfen ya tare ta da hannu biyu. Ƙiftawar ido ne, amma wayoyi suna sama. Kafin in rufe shago washegari hoton 'yata a ƙirjin namiji ya shiga wayar kowa a danginmu, wani ɗan iska har ya ɗora masa waƙar soyayya.

Maganin da jami'ar ta samo shi ne kada 'yan mata su ƙara wasa a zauren ƙasa tare da maza. Duk mai son wasa ta hau ɗakin mata a sama. Da Nimra ta ji ba ta yi kuka ba. Ta ce an kyauta, sai a jira ranar da kekenta zai fito da fuka-fukai.

Cikin makon yayana Sadakat ya zo. Shi ne babbanmu tun rasuwar mahaifinmu, mai shagon tayoyi ne, ban taɓa yanke wata magana ba sai da bakinsa. Ya ce sunan gidanmu ya shiga bakin duniya, dole a rufe shi da wuri. Ɗansa Kamran, wanda matarsa ta rasu bara ta bar masa yara biyu, ya yarda zai auri Nimra. Gidan ba bene ba ne, babu matattakala ko ɗaya, ga mai aiki, ko cokali ba za ta ɗaga ba. Sharaɗi guda ne, wasa ya ƙare.

Maganar ta shige ni. Na haura hamsin, bayana ya fara ƙi. Duk sanda na ɗaga Nimra zuwa cikin riksho, abin hayar nan mai taya uku, sai in tambayi kaina wa zai yi wannan ranar da ba ni. Kamran jininmu ne, ba ya sha, ba ya duka.

Nimra ta yi kwanaki ba ta cin komai sai shayi. Da na matsa mata ta ce Kamran mutumin kirki ne, amma tun tana ƙarama bai taɓa yi mata magana ba sai ya rage murya, kamar mai duba mara lafiya a asibiti.

Ana cikin haka Begum Rukhsana, mahaifiyar Zohaib, ta kira Parwin a waya ta ce tana so ta zo shan shayi. Kowa ya san abin da hakan ke nufi in akwai budurwa a gida.

Tun daga lokacin Parwin ba ta zauna ba. Ta ce babu uwar da za ta ba da ɗanta ga yarinyar da ba ta ga tafiyarta ba. Ita ma haka aka yi mata, uwata ta sa ta zaga falo da tire, ta kuma duba tafin ƙafarta. Na ce ai matar ta ga hoton, ta san da keken.

"A waya ta gani," in ji Parwin. "Kar ta gani a falona. In 'yarmu ta shigo a tsaye, abin da za ta tafi da shi a ido ke nan."

Ta aro teburin shayi mai taya a maƙwabta, irin wanda 'yan mata ke turowa gaban baƙi. Ta ce Nimra za ta jingina da shi a madadin sanduna, wando mai faɗi ya rufe ƙarafunan, daga ƙofar kicin zuwa kujera an gama. Ta haɗa da aron kafet mai kauri don ya rufe fashewar simintin falonmu. Keken kuwa, ta ce in yana ƙasa ido zai kai gare shi ko ina aka sa shi. Abin da ya kai mu rufi ke nan.

Da na sauko na tarar da Nimra zaune a bakin gado tana ɗaure maɗaurin ƙarafunan. Ba ta ɗago ba.

"Abbu, kai ma kana so in yi?"

"Taku kaɗan ne, puttar, 'yata."

"Ban tambaye ka yawansu ba."

Na zauna gefenta. Na gaya mata tsoro nake ji. Tsoron matar ta ce a'a, tsoron Taya ɗinta, wato yayana, ya ce ai ya faɗa, tsoron ranar da za ta kira Abbu babu mai amsawa. Ina magana hawayenta yana ɗiga a kan fatar maɗaurin.

"A zauren nan babu wanda ya taɓa cewa in miƙe kafin a ɗauke ni mutum," ta ce. "Yamma ɗaya a mako nakan manta da ƙafafuna. Yau a gidanmu za a tuna mini."

"To a fasa. Bari in je in sauko da shi."

Ta riƙe hannuna. "Ammi tun asuba take tsaye a kicin. Bar shi. Zan yi, amma ka zauna kusa da ƙofa."

Bhai-jan, haka nake kiran yayana, ya riga baƙin zuwa, ba tare da an gayyace shi ba. Ya sha fararen kaya da sitati, ya mamaye babbar kujera, ya buga matashin da ke gefensa ya ce in zauna nan. Na kalli ƙofar kicin can nesa. Na zauna inda ya nuna.

Begum Rukhsana tsohuwar malamar firamare ce, mijinta ya rasu. Ta sauko daga riksho a hankali tana dafa gwiwa, Zohaib yana biye da ita riƙe da kwalin barfi, alewar madara, ɗaure da jan zare. Ya ajiye shi a tsakiyar tebur. Parwin ta kalli kwalin ta kalle ni. In magana ta yi daɗi, uwar yaro ce ke kwance zaren da hannunta ta sa wa yarinya ɗan yanki a baki.

Aka gaisa, aka taɓa zancen zafi da ɗaukewar wuta. Bhai-jan ya ƙare wa Zohaib kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne ɗan dakon? A waya ka fi haka girma. A jami'ar taku ɗaukar 'ya'yan mutane darasi ne, ko aikin lada kake yi?"

"Janab, ranka ya daɗe, da an yi wa dandamalin gangara, da babu wanda ya taɓa ta. Tun kafin bikin muka roƙa."

Uwarsa ta ɗora hannu a gwiwarsa. Ta ce da Bhai-jan kada ya wahalar da kansa, ta riga ta ja wa yaron kunne ɗaya har ya yi ja, ɗayan ta bar wa iyayen yarinya. Parwin ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta tashi ta shiga kicin.

Sai labule ya ɗaga.

Nimra tana tsaye cikin koren kaya, hannuwanta biyu a kan teburin shayin. Ban taɓa ganin tsayinta haka a gaban baƙi ba. Ta yi sallama, ta jawo ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar. Kofuna suna kaɗawa a kan faranti. A kowane taku ƙarfen yana yin ɗan ƙara a ƙarƙashin wandon, kowa yana yi kamar bai ji ba. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Idonta yana neman nawa a bakin ƙofa, ni kuwa ina can ƙarshen falo.

Tayar gaba ta ci karo da bakin kafet ɗin aro. Teburin ya tsaya cak, ita ba ta tsaya ba.

Tulun shayin ya kife a kan hannunta, kofunan maƙwabta suka tarwatse, samosa ta watsu har ƙarƙashin kujeru. 'Yata ta faɗi a gefenta, wandon ya ɗage, ƙarafunan da muka ɓoye suka bayyana har gwiwa.

Zohaib ya zabura. Bhai-jan ya miƙa hannu ya tare masa ƙirji.

"Sau ɗaya ya isa."

Na isa wurinta na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗunta na yunƙura. Bayana ya riƙe kamar an soka mini ƙusa, na durƙushe kusa da ita. Muka zauna a ƙasa mu biyu cikin ruwan shayi. Parwin tana bakin labule, mayafi a baki.

Nimra ba ta yi kuka ba. Ta gyara wandonta da hannun da bai ƙone ba, ta dube ni.

"Abbu, kekena."

Ban san yadda na hau rufin da wannan bayan ba. Na yaye zanen, na jawo keken ni kaɗai, tayoyinsa suna dukan matattakala ɗaya bayan ɗaya, duk gidan yana amsawa. Babu wanda ke falon da bai gane daga ina ake sauko da shi ba.

Da na shigo na tarar Begum Rukhsana zaune a ƙasa, da gwiwoyin nan nata, ta tsoma hannun Nimra cikin kwanon kindirmo mai sanyi. Na matso da keken. Parwin ta miƙa hannu za ta taimaka, Nimra ta girgiza kai. Ta danne birki, ta kama hannun keken, ta ɗaga jikinta da ƙarfin damatsanta ta zauna. Ta juya ta shiga kicin. Muka ji ƙarar ashana.

Zohaib ya taimaki uwarsa ta koma kujera, sannan ya durƙusa yana tsince fasassun kofuna.

Can Nimra ta fito da tire a kan cinyarta, da tsofaffin kofunanmu na kullum. Ta ratsa falon, ta hau bakin kafet ɗin nan da ɗan ɗaga tayoyin gaba, ko ɗigo bai zuba ba. Ta tsaya gaban baƙuwar, ta kira ta da sunan da ake kiran 'yar'uwar uwa.

"Khala-jan, sukari nawa?"

Matar ta karɓi kofin ba ta sha ba. Ta tambaya wa ya ɓoye keken. Parwin ta fashe da kuka ta ce ita ce, a yafe mata, uwa ce.

"Da ni ce ma abin da zan yi ke nan," in ji Begum Rukhsana. "Share hawayenki."

Ta juya ga Nimra. Ta ce ba ta zo duba tafiyar kowa ba, tun ranar da ɗanta ya fara dawowa gida duk Laraba yana waƙa a banɗaki ta bincika ta san komai. Abin da ya kawo ta daban ne, kuma gara ta faɗe shi a fili. Gidansu yana cikin tsohon gari, hawa na uku, matattakalarsa ƙunci gare ta har gawar mijinta sai ta taga aka sauko da ita da igiya.

"Gwiwoyina sun ƙare, beti, 'yata. Shekara da shekaru ina roƙon Allah surukar da za ta sauka ta sayo mini kayan miya. Ba ƙinki nake yi ba, Allah ya sani. Amma ki gaya mini, a gidan nan wa zai ɗauki wa?"

Zohaib ya ce zai kama hayar gidan da ba bene ba. Uwarsa ta ce da wane aikin, shi da ko jarrabawar ƙarshe bai rubuta ba. Ya ce zai samu, ko koyarwa ce zai yi.

"A ɗakin nan na haife ka, a cikinsa ubanka ya cika. Kai ne za ka fitar da ni?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce to zai riƙa hawa da Nimra yana saukowa da ita, safe da yamma, har ƙarshen ransa, bai ga wahala a ciki ba.

A nan ne hawayen Nimra ya zubo.

"A'a, Zohaib."

Karon farko ke nan da na ji ta kira sunansa. Ta share fuska da bakin mayafi ta dubi uwarsa.

"Khala-jan, ba ni da amsar da za ta yi miki daɗi. Ina girki, ina wanki, ina guga, duk a zaune. Zan shafa miki mai a gwiwa kullum in kin yarda. Bene ne ba zan iya ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, kin ga yadda ƙaryar yau ta ƙare. Na daɗe a jami'a ina zaune a gindin matattakala ina jin ƙwallo a sama. Ba zan yi aure in koma zama a sama ina jin titi a ƙasa ba, ina jiran a dawo daga aiki a sauke ni kamar buhun gari. Ranar da ya yi zazzaɓi fa? Ranar da muka yi faɗa fa?"

Ta tsaya ta haɗiye kuka.

"Ina son ɗanki. A gaban Abbu nake faɗa, ya yafe mini rashin kunyata. Amma ko don shi ba zan hau ba."

Zohaib ya juya fuskarsa ga bango. Uwarsa tana kallon kofin da ke hannunta, hawaye yana bin gefen hancinta.

Bhai-jan ya gyara murya. Ya ce to madalla, yarinya ta yanke wa kanta hukunci, baƙi ma sun ji da kunnensu. Ba ya son jan zance. Gidansa babu bene.

"Liyakat, a gabansu nake tambayarka don a gama. Kamran yana jira."

Duk suka juyo gare ni. Bayana yana zugi, rigata jiƙe da shayi. Na tuna tsakar gidan Bhai-jan, shimfiɗe lau, da inuwar mangwaro, da mai aiki, da abinci sau uku ko ina raye ko ba na raye. Duk abin da nake roƙa wa yarinyar nan tun tana ƙarama yana cikin gidan nan. Na dubi hannunta da ƙunar ta fara tashi, yana kan tayar keken.

"Bhai-jan, in an sake buɗe musu zauren, Kamran zai riƙa kai ta ranar Laraba?"

"Surukata ba za ta buga ƙwallo a gaban maza ba. Abin da ya jawo mana wannan ke nan."

"In mata zalla ne fa, a ƙasa?"

"Matar aure da yara biyu a gabanta, ina ita ina wasa? Kai ma ka san wannan."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, har na rasa ta inda ake farawa.

"To ka yi haƙuri, Bhai-jan. Ka ba Kamran haƙuri."

Ya nuna Begum Rukhsana da haɓa.

"Matar nan ba ta ce maka ta yarda ba."

"Na sani."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya ce ranar da bayana ya ƙare gaba ɗaya kada in aika masa, in aika wa masu ƙwallo. Ya fita bai yi sallama ba.

Ba a daɗe ba baƙin ma suka tashi. Begum Rukhsana ta sake duba hannun Nimra, ta ce kada a fasa ƙunar, a bar ta ta sha iska. Ta ɗora tafinta a kan yarinyar na ɗan lokaci. Sannan ta matsa ga tebur. Na ga yatsanta ya sauka a kan ƙullin jan zaren, Parwin ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

Matar ta janye yatsan.

"Parwin, sa shi a firij. Kada kowa ya kwance zaren. Bari in je in kalli matattakalata."

Zohaib ya riƙe mata hannu har riksho. Bai waiwayo ba sai da injin ya tashi, lokacin kuwa Nimra ta riga ta shige ɗaki.

Mun mayar wa maƙwabta kafet ɗinsu da teburinsu, mun saya musu sababbin kofuna. Keken yana falo, a inda kowa zai gan shi. Bhai-jan ba ya amsa sallamata a masallaci, matarsa ta daina aiko yara sayen madara. Malamar wasannin ta kira Nimra ta ce kwamiti zai zauna a kan maganar zauren, amma ba a sa rana ba.

Zohaib ya gaya wa Nimra uwarsa ba ta ƙara tayar da zancen ba. Tana yini a bakin taga. Sau ɗaya ta tambayi mai shagon ƙasan gidansu ko ɗakin ajiyarsa na baya yana da taga, da ya ce me ya sa, ta ce tambaya kawai ta yi.

Duk safiya in na buɗe firij don ɗauko kindirmo sai in ga kwalin, zarensa a ɗaure. Ni mai madara ne, na san barfi ba ya daɗewa ko a cikin sanyi. Parwin takan tsaya ta shinshina gefen kwalin in tana zaton ba na kallo.

Ban sani ba ko matar za ta dawo kafin ya lalace. Ban kuma sani ba ko gata na yi wa 'yata ranar nan, ko kuwa na rufe mata gida ɗaya tilo da zai karɓe ta bayan raina.